Waɗanda Suka Ɗauki Makarar Yaya

Ku matso kusa ku ji abin da ke cina, don in na bar shi a ciki ban san ko zan kai sadakar arba'in da lafiyata ba. Yayana ya rasu, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Kaduna ta taɓa sani da ƙwallon kwando. Waɗanda suka yar da shi yana da rai sun dawo yanzu suna son shirya wasa da sunansa, kuma suna son in ba su 'yarsa ta tsaya a tsakiyar fili a tafa mata. Yarinyar a hannuna take, ni ce mai cewa ta je ko kada ta je. Amma bari ku fara sanin ko shi wane ne, ku kuma san ko su su wane ne.

Da asuba ya cika, a ɗakin zauren gidanmu na Unguwar Shanu. Malam maƙwabcinmu, mai makarantar allo, shi ya yi ta maimaita masa kalmar shahada. Kafin hantsi an yi masa wanka. Maigidana tela ne, shi ya yanka likkafani, ya yanka yadda ya saba yanka wa kowa, sai ga shi bai kai ba, dole ya koma shagonsa na Kinkinau ya ɗauko wani yadin. Aka kawo makarar masallaci, ita ma ta yi kaɗan, ƙafafunsa suka leƙo. Kafintan layinmu ya zo da katako da ƙusa ya ƙara mata tsawo, yana bugawa yana share hawaye da kafaɗa.

An gama shiri ke nan sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, babban ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Rimi. Ya ce a dakata, ya aika a yi sanarwa a rediyo, manya za su zo. Malam ya ce, "Alhaji, gawa ba ta jiran kowa." Kawu ya ce ai ba gawar kowa ba ce wannan. Haka aka bar Yaya kwance har bayan azahar, mutumin da ya shekara nawa ba wanda ya leƙo shi.

A cikin gida kuwa kunnena ya sha magana. Matar Kawu ta zauna a kan tabarmata, ta gyara mayafi, ta ce, "To, Allah ya jiƙansa. Ya huta, mu ma mun huta." Wata amarya da ba ta daɗe a unguwar ba ta matso ta ce, "Wai da gaske ne an taɓa nuna shi a talabijin? Wannan mai tangaɗin?" Ta bayana na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Ko ya samu ya tuba kuwa?" Tsohuwa mai ƙosai ta bakin titi ce kaɗai ta shigo ba ta gaida kowa ba, ta zauna a ƙasa ta ce, "Wayyo Dogo, wa zai ɗaure mini rumfa bana?" Ita ce ta sa ni kuka.

Sai motoci suka fara tsayawa. Abokan wasansa ne na dā, dogaye duka, cikin manyan riguna, da mai ɗaukar hoto na jarida a bayansu. Aka yi salla. Kun san yadda ake yi a wurinmu: kowa ya sa kafaɗa ya ɗan taka, ya ba wani, don kowa ya sami ladan ɗauka. To, su suka riga kowa kama makarar. Da suka ɗaga ta zuwa kafaɗunsu, ta fi ƙarfin mutanen unguwa. Ina tsakar gida na ga Yaya yana wucewa ta saman katanga. Maigidana ya bi su yana miƙa hannu yana ɗage, bai kai ba. Malam, tsoho da shi, ya yi ta tafiya a gefe hannunsa a sama ba ya taɓa komai. Ba su sauke ba, ba su ba kowa ba, har maƙabarta.

Da maigidana ya dawo ya zauna a bakin rijiya, ya ce, "Ni da nake juya shi a kan tabarma, ko katakon ban taɓa ba."

Bari in koma baya.

Ina goye Baba ya rasu, don haka Yaya ne uban da na sani. Shi ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mai tsawon nan". Goshinsa ba ya rabo da ƙulu, don ba ya tuna sunkuyawa a ƙofa. In ya bugu sai ya dafe wurin ya ce, "Duk magina garin nan gajeru ne, kuma da gangan suke yi." Bai taɓa miƙa maka abu hannu da hannu ba. Albasa ce, sabulu ne, lemo ne, sai dai ka ji, "Auta, cafe!" In ya kuɓuce mini ya ce, "Hannu ne da ke ko ludayi?" Ya taɓa jefa tattasai daga ƙofar zaure ya faɗa cikin tukunyar miya, miyar ta fallatsa wa Inna a zane. Ta bi shi da muciya, yana gudu yana cewa, "Amma dai ya shiga, Inna, ki faɗi gaskiya, ya shiga!"

A makarantar kwana ya koyi wasan. Da ya fito wani kamfani a nan Kaduna ya ɗauke shi. A suna akawu ne, amma bai san inda kujerarsa take ba. Aikinsa ƙwallo. Suka ba shi albashi, da gida, da babur da in ya hau gwiwoyinsa sai sun kusa taɓa kunnensa. Ya je Legas, ya hau jirgin sama zuwa ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, ya kawo mini ɗankwali daga can.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa a fili, shekarar da aka koma tuƙin dama. Ya zo ya tsaya a kan maigidana, gajere da shi, yana ɗinki, ya ce, "Turmi, ara mini matarka ta je ta ga aikin yayanta."

Maigidana ya ce, "Aikin me, Falwaya? Ƙatti da gemu suna bin ƙwallo da gajeren wando?"

"Ka zo kai ma. Zan sa a kawo maka akwati ka taka."

Muka je. Ni ban gane lissafinsu ba har yau, amma kunnena ya riƙe komai: bugun ƙwallo a kan siminti, kukan kambas in sun juya, usur, da jama'a baki ɗaya suna "Dogo! Dogo!" Sai ya dubi gabas ya aika ƙwallo yamma. Akwai wata jifa da yake yi, ya ba kwando baya, ya kewayo da hannu ta saman kansa kamar mai yafa gyale, ba ya ko dubawa, ta faɗa. Har gobe yara na kiranta hannun Dogo, ciki har da waɗanda ba su san waye Dogon ba. Maigidana mai tsiya, ranar nan tsalle ya yi ta yi har hularsa ta ɓace, da kai tsirara ya dawo gida.

A kwanakin nan Kawu ba ya baƙi bai aika a kira shi ba. Ya tsayar da shi a tsakiyar falo ya ce, "Ɗana ne." Hotonsa na rataye a saman rediyo, yana riƙe da kofi.

Kada ku ce wasa kaɗai ya iya. Wata damina ruwa ya ci layinmu da la'asar, ya shiga gidan Malam har ƙugu. Mutane na ta kansu. Yaya ya zo gaida ni ne da fararen kaya, ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya tattara littattafan Malam da alluna ya ɗora a ka ya fitar, ya koma, ya fitar, ya koma, a ƙarshe ya fito da mahaifiyar Malam a bayansa, tana ta zaginsa wai ya riƙe ta kamar buhun gero. Ko takarda ɗaya ba ta jiƙe ba.

To, sai gwiwa.

Ana gab da wani babban wasa ya faɗi wajen motsa jiki, gwiwar dama ta kumbura kamar ƙwarya. Likita ya ce ya kwanta, kada ya taka. Manyan kamfanin suka zo har gida da wani mai allura. Tare da su akwai amininsa, wanda suka taso tun makaranta, wanda ya yi masa babban aboki ranar aure. Shi ya riƙe masa ƙafar aka soka. Yaya da bakinsa ya gaya mini daga baya, ya ce, "Ba su tilasta ni ba, Auta. Cewa kawai suka yi, in ban shiga ba wani zai shiga, jama'a su koyi sabon suna."

Wannan maganar tana ƙona ni ta gefe biyu. Su sun san inda za su taɓa shi. Shi kuma, babba da shi, da mata da 'ya, ya sayar da ƙafarsa don kada a daina kiran Dogo. Ya shiga, suka ci. Aka fito da shi a kafaɗa, jama'a na zaton murna ce, alhali tsayuwa ce ba ya iya yi. Sau biyu ke nan mutanen nan suka ɗauke shi a kafaɗa, kuma duka biyun ba ya iya taka ƙasa.

Da ta tabbata ƙafar ba za ta koma ba, sai suka tuna ashe akawu ne. Suka ce ya koma kan teburinsa. Mutumin da ba su taɓa bari ya koyi aikin ba! Ba a jima ba suka ce ba ya iya aiki, suka sallame shi, suka karɓe gidan, ya tare a ɗakin zaurenmu. Ya fara da ƙwayar kashe zafi, don wallahi ina jin nishinsa ta bayan bango. Daga ƙwaya ya koma kwalba. Matarsa ta yi haƙurin da ni ba zan iya ba, har ranar da ya ɗaga mata hannu, hannun nan da ake yi wa kirari. Ta tafi gidansu, daga baya ta yi aure a nesa, kuma ban ga laifinta ba ko na ƙwayar zarra. 'Yarsu ta dawo wurina. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi.

Bai daina zuwa filin ba. In yana cikin hankalinsa sai ya zauna a gefe yana ƙwala wa 'yan wasa gyara, kuma an ce gyaran daidai ne. Wata rana ya je a buge, ya shiga tsakiyar wasa ya fizge ƙwallo daga hannun rafali ya ce zai nuna musu. Ya jefa, ba ta ko kai ba. Mutane suka fashe da dariya. 'Yan sanda suka ja shi a ƙasa, amininsa, wanda a lokacin ya zama mai horar da ƙungiyar, ya juya baya yana gyara igiyar usur. Daga ranar aka gaya wa mai gadi kada ya ƙara barinsa shiga. Kawu ma ya sauke hoton. Yaya ya je Unguwar Rimi da ƙafa, yana jan gwiwa, mai gadin ya leƙo ya ce, "Alhaji ya ce ba ya nan."

Ni ma mun yi tamu. Ranar sunan ɗana na uku ya faɗo cikin mata yana wari, ya ɗauki jaririn daga cinyar ungozoma, ya fara ɗaga shi sama yana cewa zai koya masa tun yanzu. Na fizge ɗana. Na ce, "Yaya, fita."

Ya ce, "Ni kike kora, Auta? Ni da na goya ki?"

Na ce, "Wanda ya goya ni ba ya wannan warin. In ka gan shi ka ce ina nemansa."

Ya fita, ya bugi ƙofa da goshi, ba wanda ya yi dariya. Ban yi nadama ba, ko yau aka maimaita haka zan faɗa. Ya yi watanni yana kwana a tasha. Maigidana ne ya je ya samo shi. Bai yi masa wa'azi ba, cewa ya yi, "Falwaya, tashi mu je. Ɗinkin salla ya yi mini yawa, ina neman mai dogon hannu ya riƙa ja mini yadi." Haka ya dawo ɗakin zaure, da sunan ya zo taimako.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya daina ba. Yakan daina, ya koma, ya daina. Wasu suka je wa Malam da maganar a hana shi shiga sahu. Malam ya ce, "In ya zo da warin giya ni da kaina zan mayar da shi. In ya zo da alwala, ku matsa masa. Ku ina kuke ranar ruwa?"

A bayan gidan Malam ɗin ne Yaya ya kafa garen keke a jikin bishiyar dalbejiya, ya zama kwando. Yaran unguwa suka taru. Yana zaune a kan benci, ƙafa a miƙe, da baki yake koyarwa: "Kai, ɗaga kai, ƙasa ba za ta gudu ba! Kai kuma ba shi, ba gadonka ba ce!" Cikin yaran nan akwai waɗanda yau suke wasa a ƙarƙashin aminin nasa, ana yaba masa ya iya zaɓe. Ummi kuwa ba ta taɓa zuwa gindin bishiyar ba. Ta wani layin take zagayawa in za ta makaranta, don yara na ce mata 'yar mai tangaɗi. Ta ɗauko tsawonsa, amma a duƙe take tafiya kamar mai neman allura.

Da ciwo ya kama shi, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, na aiki maigidana ofishin aminin. Aka ce ya dawo gobe. Ya koma, aka ce ya fita taro. Kawu ya aiko direba da gwangwanin madara da sukari, shi bai zo ba. Yaya bai tambayi ko ɗayansu ba. Ana gobe zai rasu ya kalli maigidana ya ce, "Turmi, ka yi haƙuri, har a tafiyar ma sai na cinye maka yadi." Maigidana ya ce, "Rufe mini baki, ai ka saba." Sannan ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ranar sadakar uku aminin ya ce yana son gaida ni. Na tsaya a bayan labulen zaure, Kawu na zaune a gefensa. Ya ce, "Hajiya, ya haƙuri?"

Na ce, "Ban je Makka ba. Auta ce, wadda kake aike sayen ƙanƙara."

Sai aminin ya ce sun yanke shawarar shirya wasa bayan arba'in, a sa kofi da sunan Dogo, a riƙa yi duk shekara don kada a manta da shi. Suna son Ummi ta zo ta jefa ƙwallon farko.

Na ce, "A wane fili? Wanda aka hana shi shiga?"

Kawu ya ce, "Ke, ba a haka. Ni na riga na amsa musu."

Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, amma yarinyar nan ba a Unguwar Rimi take kwana ba."

Sai na ji aminin yana kuka, kukan gaske. Ya ce, "Kullum ina cewa gobe zan zo. Kunyarsa nake ji. Ban san yadda zan dubi ƙafar nan ba." Na yarda da gaske yake, kuma wannan ne ya ƙara tunzura ni. Ashe ya san hanya, ashe ya san abin da ya yi, kunyarsa ce kawai ta fi masa yayana nauyi. Na ce ba za ta je ba, na saki labule.

Na ɗauka magana ta ƙare. Shekaranjiya da hantsi muna tsince shinkafa ni da Ummi, kanta a ƙasa kamar kullum, sai ta ce, "Gwaggo, ina son in je."

Na ce, "Ina?"

"Wasan Baba."

Na ajiye faifai. Na ce, "Kin san su wane ne mutanen nan? Su ne suka..."

"Na sani, Gwaggo. Ina jinki kina faɗa. Ba su zan je gani ba." Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. "Kowa cewa yake an tafa masa, ke ma kin ji da kunnenki. Ni dariya kaɗai na taɓa ji ana yi masa. Ina son in ji sau ɗaya an kira sunansa ba wanda ya yi dariya."

Maigidana ya ce ba ruwansa, jininmu ne. Malam ya ce addu'a ta fi wa mamaci amfani, amma ita yarinyar da ranta take.

In na bar ta ta je, za su tsayar da ita a tsakiyarsu a ɗauki hoto, jarida ta buga, duk wanda ya gani ya ce Allah sarki, sun riƙe shi har ƙarshe. Da 'yarsa za su wanke hannunsu, kuma ni na miƙa musu ita. In na hana ta, na huce haushina, ita kuma ta zauna har tsufanta da uban da ake ja a ƙasa, don shi kaɗai aka bar mata. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa abin da ya yi wa kansa da wanda ya yi mana, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Arba'in saura kaɗan, yarinya na kallon bakina. Ku da kuka ji duka, in ku ne ni, me za ku ce mata?